Teburin da Ba Shi da Hammata

Gangar noma ta yi shiru a Karfi, kuma ba wanda zai iya faɗin ranar da ta yi shirun. Tarakta da maganin feshi sun rage gayya, gayya kuwa ita ke ciyar da makaɗi. Daga Malumfashi har Funtuwa masara na fitar da goyo kamar da, sai dai babu ganga a bayan manoma. Kawuna yana cikin tsirarun da suka rage da wannan kiɗa a hannu, hannun kuma ya fara rawa. Neman hanyar da kiɗan zai isa ga yara ne ya kai ni ga ƙera teburin kiɗa.

Asalin teburin daga Sifaniya yake. A 2003 Sergi Jordà da abokan aikinsa a Jami'ar Pompeu Fabra ta Barsalona suka fara ƙera abin da suka kira Reactable, har mawaƙiya Björk ta hau dandamali da shi a 2007. Fuskarsa mai hazo ce, kyamara na ƙasa tana kallon sama. Duk abin da za a ɗora an manna masa tambari baƙi da fari a gindi. Manhajar reacTIVision, wadda suka saki kyauta, ita ke karanta tambarin ta gaya wa kwamfuta wane ne aka ɗora, ina yake zaune, ina kuma ya fuskanta. Sauran aikin na mai teburi ne, shi zai zaɓi sautin da kowane tambari zai tayar.

Nawa teburin kafinta ya haɗa mini da katako da gilashi. Na ɗauki bugun Kawu a waya, ɗaya bayan ɗaya, na raba wa guntayen katako. Rana ce babbar abokiyar gaba, domin haskenta na rufe wa kyamara ido, don haka a zaure muke aiki bayan la'asar. Da hunturu sai an share gilashin kafin kowane zama. Yara ba su buƙaci bayani ba. Yaro ya ɗora guntu ganga ta tashi, ya matsar da shi ta yi sauri, sai ka ga ƙafarsa ta kama.

A kan kalangu muka yi karo da iyakar abin. Kawu da rani kalangu yake kaɗawa a biki, kayan kiɗan da Mamman Shata ya yi suna da shi a wannan yanki kafin rasuwarsa a 1999. Kalangu magana yake yi: makaɗi na matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, daidai da hawa da saukar muryar Bahaushe. Kyamara kuwa ba ta ganin matsi. Na ɗora hawan muryar a kan juya guntun katako, dabara ce da ta yi aiki a lissafi. Kawu ya juya sau biyu, ya saurara, ya ce, "Ɗan nan, teburinka sai an gama magana yake amsawa." Gaskiyarsa. Kyamarata hoto 30 take ɗauka a daƙiƙa, kwamfuta ta ƙara nata jinkiri, kuma kunnen da ya shekara yana bin saukar fartanya ba ya yafe wannan ɗan tsaiko. Ya shafa gefen katakon ya ƙara da cewa, "Ga shi ba shi da hammata."

Duk da haka yana zuwa kowace Juma'a, mu ɗauki sabon bugu. Abu guda ya hana ni. Akwai taken wasu manoma uku da suke raye, tsofaffin da ya yi wa kiɗa suna samari. Na roƙe shi, ya ce ba a kaɗa taken mutum sai yana wurin ya ji ya miƙe. Guntayensu uku suna cikin gwangwani, da tambarinsu, babu sauti.