Sayar da Gida a Bakin Masana'antu

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, ciniki ya buɗe, gari ya yi ta faɗi. A zamanin Turawa aka keɓe Bompai domin masana'antu, bayan samun mulkin kai kuma aka ƙara Sharaɗa da Challawa, inda majemu suka yi yawa. Da fari wuraren nan bayan gari suke. Sannu a hankali ma'aikata suka yi ta gini kusa da wurin aikinsu, har gidaje da masana'antu suka zama maƙwabtan juna.

To, magidancin da gidansa ke bakin irin wannan hanya ya san abin da yake sha. Tun kafin asuba manyan motoci ke rugugi, bango yana rawa, ƙura tana sauka a kan shanya. In wuta ta ɗauke, sai injunan janareto su karɓa. Jariri ba ya barci, tsoho ba ya hutawa. Masana sun tabbatar ƙara mai tsanani, in ta daɗe, tana rage ji. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya yi niyyar sayarwa ya ƙaura.

A nan ne ake gwada mutumci. Wani dillalin yakan ba da shawara a kawo mai saye ran Lahadi, sa'ad da injuna suka yi shiru, hanya ta yi tsit. Wannan kuwa algus ne. Shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, in ya ɓoye kuma mai saye yana da ikon mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne: daren farko kaɗai ya isa ya tona asiri. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki sai an haɗa duka biyu. Mai gaskiya yakan ce wa mai saye ya zo da hantsi ran aiki, ya kuma komo da dare, ya saurara da kunnensa.

Faɗin gaskiya ba ya hana ciniki, sai dai ya nuna wanda ya dace da gidan. Hanyar da ta hana mai iyali barci, ita ce ke kawo wa mai kanti kasuwa. Mai neman wurin ajiye kaya, da mai sayar da abinci ga ma'aikata, da bakanike, duk bakin hanya suke nema. Su ya kamata dillali ya nufa, amma a tuna mayar da gidan zama wurin sana'a yana bukatar izinin hukumar tsara gari.

Har wa yau a kiyaye ƙa'ida. In gidan gado ne, sai magada sun yarda. A sanar da mai unguwa, a kafa shaidu, a rubuta kome. In yana da takardar mallaka ta gwamnati, dokar ƙasa ta 1978 ta ce ba ya sake hannu sai da yardar Gwamna.

Labudda kuɗin yakan kasa na gidan da ke unguwa mai shiru. Amma wanda ya sayar bisa gaskiya, ya ƙaura ke nan, ba mai biyo shi da sammaci.