Kaset ɗin da na goge

A telefon ɗina yanzu akwai waƙoƙi sun haura 900. Daren jiya na ƙirga su saboda rubutun nan. Amma in aka ce in faɗi nawa na saurara daga farko har ƙarshe a cikin watan nan, wallahi ba su kai goma ba. Sai in sa ekuter a kunne, waƙa ta fara, kafin mawaƙi ya kai amshi na biyu yatsana ya riga ya tsallake zuwa wata. Na san ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ke zama fada ya ga haka: mutum shida kewaye da butar shayi, kowa da zare a kunne, kowa na kaɗa kai da kiɗan da na kusa da shi ba ya ji.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, kaset 23 gare shi. Tela ne a Zango, nan Damagaram, kuma a cikin kwalin takalmi yake ajiye su, ƙarƙashin teburin keke. Rediyonsa irin mai cin kaset ne, mai hannu a sama, wanda ke shan manyan batir guda shida. Da rana labaru yake ji, Muryar Sahel ko BBC. Sai bayan isha'i ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya zaɓi kaset ɗaya. Akwai Mamman Shata da kalangunsa, akwai Ɗan Maraya Jos da kuntigi, akwai Ma'azu Ɗan Alalo namu na Damagaram, akwai Ɗan Gurmu na Tawa, wanda har gasar kiɗa ta ƙasa aka sa wa sunansa. Maƙwabta su zo su zauna, babu wanda ya gayyace su. In waƙa ta kai wani wuri, sai wani tsoho ya ce a tsaya, ya yi bayanin wanda ake wa waƙar, da abin da ya yi har ya samu wannan kirari. Wani ya musa, a yi gardama, sannan a ci gaba.

Ba a tsallake waƙa a gidanmu, don mai da kaset baya ko gaba yana cinye batir. In dole sai an mayar, ni ake miƙa wa: in zura bik a ramin kaset in yi ta juyawa kamar mai kaɗa miya. In rediyo ya tauna zaren, Baba ya zaro shi a hankali da tsinken ashana, ya yanke inda ya lalace, ya haɗa da ɗan skoc. Har yau akwai waƙar Shata da nake ji kamar tana da gurbi a tsakiya, domin ta gidanmu a nan aka yi mata ɗinki.

Cikin kaset ɗin nan akwai guda da ba ya sa wa maƙwabta. Babu hoto a jikinta, sai lamba 1999 da ya rubuta da jan bik. Shekarar da aka haife ni ke nan, kuma shekarar da Shata ya rasu. Baba yakan tsokane ni da cewa na zo duniya na tarar an tashi daga wasa. Ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba.

A 2011 ina kolej, ajin farko, rap ya shiga kanmu. Duk yaron da bai iya rera na Kaidan Gaskiya ko Lakal Kaney ba, ba a lissafa shi cikin mutane. Abokaina masu hali suna da telefon da kart memwar, suna tura wa juna ta bulutut. Ni ba ni da komai sai rediyon Baba. Wata Asabar ya tafi kasuwar Dole sayen zare, wata tashar FM tana shirin matasa, na buɗe kwali ina neman kaset da zan ɗauka a kai. Na ga wadda ba ta da hoto, na ce wannan wofi ce. Baba ya ɓalle ƴan haƙoran nan na sama da ke hana a yi ɗauka bisa kuskure, amma wani aboki ya riga ya koya mini dabara: ka cusa takarda a ramin, shi ke nan. Na cusa, na danna jan maɓalli. Sai da na ji sallamarsa a zaure na kashe da sauri na mayar cikin kwali.

An yi wajen wata biyu kafin ya gane. Wani dare, shi kaɗai a ɗaki, ya sa kaset ɗin. Ina tsakar gida na ji rap ya tashi daga ɗakin Baba, cikina ya ɗuri ruwa. Ya bar shi kamar minti ɗaya, sannan ya kashe, ya kira ni. Na shiga na durƙusa ina jiran bulala. Bai ko ɗaga murya ba. Cewa ya yi: «Ɗan nan, ranar sunanka ce a ciki. Muryar tsohuwata ce a ciki.» Ya mayar da kaset cikin kwali, ya ce in tashi in je in kwanta. Kakata ta rasu ina goye, babu hotonta ko ɗaya a gidan. Da ya doke ni a daren nan da ya fi mini sauƙi. Bai sake ta da maganar ba har ya bar duniya a 2019, ni kuma ban sami bakin ba shi haƙuri ba.

Bayan haka na sami telefon, na sayi kart, na riƙa kai wa masu tura waƙa a bakin kasuwa suna cika mini da dala ashirin: Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Hamisu Breaker, Tal National, Bombino, duk abin da ya samu. Kuma ba zan zagi kart ba, don ta yi wa mawaƙanmu rana. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, kuma daga telefon zuwa telefon suka yi ta yawo cikin Sahara har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke mai tattara kiɗa. Yau ga shi yana wasa a Turai da Amurka. Sai dai ni abin da kart ta koya mini shi ne tarawa. Ekuter na dala ɗari nake saye, waɗanda kunne ɗaya ke mutuwa cikin sati biyu, ina yawo da su ko ba abin da nake ji, don kada a dame ni da magana.

Abin da ya girgiza ni ya faru bara waccan, a wani wasa da aka yi bayan ƙaramar salla. Wani mawaƙi ne ya zo daga Najeriya, tike jika ɗaya. Na tara kuɗin, na cika telefon da caji, na sami wuri kusa da bafil. Da ya hau, duk fili ya zama hasken telefon, har da nawa. Mu ɗaruruwa muna kallon mutumin da ke gabanmu ta cikin ɗan gilashi. Ana cikin waƙa ta uku injin wuta ya tsaya. Kiɗa ya ɗauke, murya ma ta ɗauke tare da shi, bakin mawaƙi kuwa yana ta motsi. Ashe daga kwamfuta komai ke fitowa. Aka yi ihu, aka fara jifa da ledar ruwa.

Cikin duhun nan sai wani dattijo da aka kawo don buɗe wasa, wanda ɗazu ba wanda ya kula shi, ya matso bakin dandali da gurminsa, yaronsa na biye da kalangu. Babu mikro. Dole aka yi shiru, don in ba a yi shiru ba ba za a ji shi ba. Ya fara a hankali, mai kalangu yana matsa igiya da hammata yana amsa masa kamar mutum biyu na hira. Can wata mata a baya ta rangaɗa guɗa. Na ji kalangun a ƙirjina, na ji numfashin na kusa da ni, na ji mutane suna kama amshin da ba su sani ba minti biyar da suka wuce. Bai fi minti ashirin ba aka gyara inji, aka koma wa baƙo. Da na duba telefon, ashe tun tuni na sa shi aljihu, ban ɗauki ko daƙiƙa ɗaya ba. Bidiyon baƙon na goge shi tuni don neman wuri. Na dattijon kuwa ina iya rera muku shi yanzu.

Guɗar matar nan ce ta mayar da ni kwalin Baba. Washegari na zaro shi daga ƙarƙashin gadon Inna. Rediyon ya daina juya kaset, sai na kai wa wani mai gyara, ya ce robar ciki ce ta narke, ya canza. Na sa kaset ɗin 1999, na daure na saurari abin kunyata tun daga farko: rap, tallar magani, surutun mai gabatarwa. Fuskar kaset irin wannan minti 30 ce. Wajen minti na 26 sai aka ji ƙas, daidai inda sallamar Baba ta sa na kashe. Sai shuuu, sai gurmi, sai hayaniyar mata da ƙarar kwanoni. Wata tsohuwa tana faɗa a kawo mata yaron kada iska ta buge shi. Sai wani saurayi ya yi dariya ya ce: «To Inna, ga shi nan.» Baba ne, yana da shekarun da ba su fi nawa na yau da yawa ba.

Minti huɗu suka tsira. Na kara telefon a bakin rediyo na ɗauka, na tura wa yayata da ƙanena, na sa a kart biyu, na rubuta suna da shekara a kai. Da farko da ekuter na yi ta ji, ni kaɗai, sau wajen goma. Sai na ga wannan ma wata rowa ce. Bayan isha'i na shimfiɗa tabarma, na sa batir shida sababbi, na kira Inna. Ta saurara har ƙarshe ba ta ce komai ba, sannan ta fara faɗa mini sunayen matan da ke magana ɗaya bayan ɗaya, da wadda ta yi guɗa, da inda mai gurmin ya fito. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta zauna.

Ƴan uwa, da yawanku akwai irin kwalin nan a gida, kuma zafi da ƙura suna cin zaren kaset kullum. Malam Mamman Barka ya je har bakin tafkin Cadi ya koyi biram wajen tsohon da ya rage yana kaɗa shi, don kada kiɗan ya bi shi kabari. Shi ma ya rasu a 2018. Mu ba a ce mu yi tafiya mai nisa haka ba. Hutun nan in kun koma gida, ku buɗe kwalin, ku tambayi mai shi abin da ke cikin kaset ɗin da ba ta da hoto, tun yana nan da zai ba ku amsa.