Wa Zai Adana Mana Tarihin Jirgin Sama?

A Amurka akwai wata ƙungiyar sa-kai ta matuƙa jiragen sama mai suna Civil Air Patrol, wadda aka kafa a 1941. Aikinta shi ne neman jirgin da ya ɓace da kai agaji lokacin bala'i. Abin da ya fi ba ni sha'awa, cikin 'ya'yanta akwai masu hidimar tarihi. Su ke tara hotuna da takardu, su zauna da tsofaffin matuƙa su ɗauki bayaninsu, ba a biyansu ko kwabo.

To mu fa? Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarki Usman, jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Yawancin labarin da ke hannunmu Turawa ne suka rubuta shi. Kanawan da suka gani da idonsu kuwa, ƙasa ta rufe su da nasu labarin.

Na daɗe ina koyarwa tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kowane gari akwai dattawan da suke cikin na farkon hawa jirgi zuwa Makka, alhali iyayensu da ƙafa suka bi ta Sudan. Kullum raguwa suke yi, ga rashin tsaro ya warwatsa ƙauyuka.

'Yan'uwa marubuta, wannan aiki ba sai mun mallaki jirgi ba. Takarda da biro sun isa. Ni dai na sa ɗalibaina kowa ya je ya tambayi kakansa, ya rubuto. Tun ran gini ran zane.