Jitar gwanjo da batir ɗin da ke bayanta

Mu huɗu ne, ajinmu ɗaya, kuma tun muna firamare tare ake ganinmu a bakin Gulbin Rima. Garinmu yana ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo, inda da rani kowa ke fadama wajen ban ruwan albasa da tafarnuwa. Babu makaɗi a gidan ko ɗayanmu. Kiɗan da muka tashi da shi na rediyo ne: kotson Narambaɗa da na Ɗanƙwairo, sai kuntigin Ɗanmaraya Jos. Jita kuwa sai dai a hoto.

Muna aji huɗu na sakandare wan ɗaya daga cikinmu, mai kai albasa Illela da Ƙonni, ya dawo da memori cike da kiɗan Abzinawa. A ciki muka fara jin Mdou Moctar, mutumin jihar Tawa a Nijar. Daga baya muka ji labarinsa: gidansu ba su son kiɗa, don haka da kansa ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a nan Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har suka kai Amurka. Muka ce ashe abin bai yi mana nisa ba. Rani biyu muka yi muna ƙwadagon dashe da cirar albasa, muna zuba kuɗin a asusu ɗaya. Da suka taru muka shiga mota zuwa Sakkwato, muka sayo jitar lantarki ta gwanjo, baƙa, duk jikinta ƙarce.

Daren da muka jona ta da lasifikar da muka aro, murnarmu ta koma ciki. Sautin ƙasa-ƙasa yake fita, yana karkarwa kamar muryar mai mura, in an daki tsarkiya da ƙarfi sai ya dagargaje. Biyu daga cikinmu suka ce an cuce mu, a sayar da ita ko da rabin kuɗi ne. Sauran biyun suka ƙi. Kwana uku ba ma gaisawa da kyau, mu da ba a taɓa jin kanmu ba.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwarmu ne ya raba gardamar. Ya juya jitar, ya kwance wani ɗan murfi a bayanta, ya zaro batir mai kusurwa huɗu, irin na bolt 9, har ya fara tsatsa. Ya yi dariya ya ce, “Ɗiyana, wagga jita lahiyatta lau, yunwa taka ji.” Muka ce, “Baba, jita ma da batir?” Ya sa sabo, muka jona, sai ga sauti garau har masu awo suka waiwayo. Rashin sani ya fi dare duhu. Saura ƙiris mu yi asarar gumin rani biyu saboda abin da bai kai kuɗin mota zuwa Wurno ba.

Ranar muka fara tambayar yadda abin ke aiki, muka kai maganar wurin malaminmu na Fiziks. A ƙarƙashin tsarkiyoyin jitar lantarki akwai wasu 'yan akwatuna da makaɗa ke kira fikof. Mu dai kunnen jita muka raɗa musu. Cikin kowane kunne akwai maganaɗisu da aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi, zagaye dubbai. Idan tsarkiyar ƙarfe ta kaɗa a samansa sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, wannan motsi kuma ya haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar. Amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mayar da ita sauti. Malam ya buɗe littafinmu ya nuna mana: dokar da Michael Faraday ya gano ce a Ingila a 1831, wadda muka haddace don jarrabawa ba mu san za mu riƙe ta a hannu ba. Da ita janareta ke ba da wuta. Da ita kuma George Beauchamp ya ƙera jitar lantarki a Amurka a farkon shekarun 1930. Shi ya sa wannan kunne ba ya jin tsarkiyar goge ko kukuma, domin izgar doki ce, maganaɗisu ba ya kama ta. Mun gwada da kukumar wani maƙwabci, ko ƙyas ba mu ji ba.

Kunnen iri biyu ne. Na asali ba ya buƙatar batir, abin da wayar ta samar shi yake turawa. Na biyu, irin namu, yana ɗauke da 'yar ƙaramar amfilifaya a cikinsa, ita ce ke cin batir. Yawanci naɗin wayarsa bai kai na asali yawa ba, maganaɗisunsa ma bai kai ƙarfi ba, sai amfilifayar ta cike gurbin. Kamfanin EMG na jihar Kalifoniya, wanda aka kafa a 1976, shi ya fi shahara da irinsa, kuma makaɗan Metallica sun daɗe suna amfani da shi. Namu ba shi da suna a jiki, kwaikwayo ne, amma tsarin ɗaya.

Da batir ya zauna sai sabuwar gardama ta tashi, wadda ta fi ta farko zafi. Sautin yana da ƙarfi, ba hayaniya, sai dai bai yi kama da na Mdou Moctar ba. Shi Fender Stratocaster yake kaɗawa da hannun hagu, sautinsa siriri ne mai walƙiya. Namu kuwa a cike yake, a daddale, ko ka taɓa a hankali ko ka daka kusan abu ɗaya kake ji. Babban cikinmu ya ce a cire wannan kunne a sayo marar batir. Ƙaraminmu ya ce da wane kuɗi, tun da asusu ya ƙare kuma damina ta kusa.

Ba mu kaɗai ke wannan musu ba, makaɗan duniya sun yi shekaru suna yin sa. Masu son marar batir suna cewa ya fi bin yatsa, yana nuna bambancin taɓawa mai taushi da mai ƙarfi, kuma ba ya mutuwa ana tsakiyar wasa. Masu son mai batir suna cewa ba ya kwaso gurnanin wuta, kuma doguwar waya ba ta dusashe shi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da ya kamata mu tambaya, kamar yadda Malam ya ce, shi ne wanne ya dace da inda muke.

Inda muke kuwa janareta ne ke ba da wuta a wurin taro, kuma wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Kunne marar batir mai naɗi guda yakan kwaso wannan juyi ya zama gurnani a lasifika. Don maganin haka ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙirƙiro kunne mai naɗi biyu a 1955. Sannan ba mu da amfilifayar jita, sai na'urar haɗa sauti ta masu hayar lasifika. In ka jona kunne marar batir kai tsaye da irin wannan na'ura, kaifin sautin yakan zube a hanya, ya fito kamar daga cikin tulu. Mai batir kuwa yana tura sautinsa da ƙarfin da zai isa ba tare da ya rage ba. Ashe abin da muke raina shi ya fi dacewa da aljihunmu.

Sauran aikin na ikwalaiza ne. Baba mai rediyo ya ba mu aron wata tsohuwa da ya ciro daga kayan kaset, mai 'yan sanduna da ake turawa sama da ƙasa. Kowane sauti kaɗawa ce, ana ƙirga ta da Hz, wato sau nawa a daƙiƙa. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Tsarkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa kusan sau 82, mafi siranta kusan sau 330, amma kowace tana tafe da 'ya'yan sauti da ke hawa har dubbai, su ne ke bambanta muryar jita da ta gurmi. Ikwalaiza tana raba wannan fili gida-gida, ta bar ka ka ƙara wani ka rage wani. Wadda makaɗa suka fi sani, Boss GE-7, gida 7 gare ta: 100, 200, 400, 800, 1,600, 3,200 da 6,400. Tamu ba ta yi nisa da haka ba.

Kuskurenmu na farko shi ne tura dukan sandunan sama, muna zaton yawa shi ne daɗi. Lasifika ta yi kuwa har awaki suka watse. Baba ya ce, “Ku tuna da miya. In gishiri ya yi yawa, ƙara yaji ba ya gyara ta.” Daga nan muka koyi fara ragewa kafin ƙarawa. Ga abin da makonni na gwaji suka nuna mana:

Gidan 100 muka sauke shi sosai, domin nan ne kauri yake, kuma in akwai ganga ita ke da wurin. Tsakanin 200 da 400 nan laka take. Kunnenmu ya cika wannan wuri, shi ya sa sautin ke da nauyi, da muka rage kaɗan sai kowace tsarkiya ta fito daban. Gidan 800 muka ɗan taɓa shi kawai, don in an kwashe shi duka jita takan ɓace cikin taro, ka ga mutum yana kaɗawa ba ka jin sa. Wajen 3,200 muka ɗaga kaɗan, nan walƙiyar da muke nema take. Amma a yi hattara, kunnen ɗan Adam ya fi jin wannan yanki, ƙari kaɗan ya wuce kima sai ya riƙa soka kamar allura. Na 6,400 muka bar shi a tsakiya.

Mun kuma gane cewa saitin da ya yi daɗi cikin ɗakin soro ba ya yi a fili. Bango yana mayar da kauri, fili yana shanye shi. Saboda haka a wurin da za a yi wasa ake gyara, tare da sauran kayan kiɗa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Duk wannan muna yin sa ne a ƙarƙashin sharaɗi. Mahaifin wanda ake ajiye jitar a ɗakinsa ya tara mu ya ce abu uku: ba kiɗa lokacin salla, ba zuwa biki don a yi mana liƙi, kuma ranar da sakamakon ɗayanmu ya faɗi, ranar jita za ta koma kasuwa. Bai ɗaga murya ba, mun dai san ba wasa yake ba. Wannan sharaɗi ya sa mai ƙoƙarin lissafi a cikinmu ya riƙa zama da mai rauni kowane dare, don faɗuwar ɗaya faɗuwar jita ce.

Ranar ba da kyaututtuka ta ƙarshen shekara Malam ya samo mana minti goma, da sunan nunin kimiyya. Janareta na ruri a bayan aji, waya mai tsawon kusan mita 10 ta ratsa fili zuwa wurin mai lasifika. Ɗayanmu ya yi bayanin Faraday, ya ɗora ƙusa a kan kunnen jitar ta manne. Ɗaya ya tsaya kan ikwalaiza, yana sauke sanda yana ɗagawa don jama'a su ji bambanci. Sannan aka kaɗa wani ɗan amo da muka tsara da kanmu, wani ɗan aji biyar yana raka mu da kalangu. Ba gurnani, ba kuwa. Ba mu yi kama da Mdou Moctar ba ko kusa. Amma mun hango mahaifin nan a layin iyaye, bai tafa ba, bai kuma tashi ba har muka gama. Da yamma ya ce wa ɗansa, “Wannan ƙusar da ta manne, sake yi mini bayaninta.”

Yanzu in aka tambaye mu, ra'ayinmu shi ne kunne mai batir ya fi dacewa da mai kiɗa a wurin janareta da kayan aro. Wanda ke da amfilifaya tasa kuma yana son sauti mai bin yatsa, marar batir zai fi yi masa daɗi. Babban cikinmu har yau yana kan bakansa, ya ce ran da ya yi kuɗi Stratocaster zai saya, mu kuma mun daina yi masa musu. Ikwalaiza tana gyara abin da ke akwai ne kawai. In tsarkiya ta yi tsatsa, ko ba a ɗaure ta daidai ba, ko yatsa bai ƙware ba, babu sandar da za ta rufa asiri. Ɗanmaraya da tsarkiya ɗaya ya yi suna.

Ga ƙannenmu da ke sha'awa, shawara uku. Kafin ku ce kaya ya lalace, ku kai wa wanda ya sani ya duba. Kada ku buɗe cikin amfilifaya da kanku, domin tana iya riƙe wuta ko bayan an kashe ta. Na uku kuma, in jitarku mai batir ce, ku zare wayar da zarar kun gama, don shigar wayar ita ce makunninta. Mu sai da muka kashe batir biyu kafin Baba mai rediyo ya gaya mana, kuma na ukun bashi ne, har yanzu muna biya da ɗaukar masa kaya ranar kasuwa.