Ɗakina mai taya huɗu

 

Gaskiya ne, a mota nake kwana, amma ku kwantar wa Inna da hankali. Ƙaramar bas ce irin hayis, na cire kujerun baya na shimfiɗa katifa. Hayar ɗaki a New York za ta cinye kuɗin fim ɗin da nake haɗawa kan Hausawa mazauna Amurka, ga shi aikin na yawo ne.

Satin nan ina Morris Heights a Bronx. Wahalar dai sanyi ce, sai gusar da mota ranar sharar titi, in ka makara a ci ka tara.

Nan kusa akwai gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick. A ɗakin taronsa, ran 11 ga Agusta 1973, DJ Kool Herc, ɗan Jamaika, ya sa kiɗa a fatin da ƙanwarsa ta shirya don ta sami kuɗin kayan makaranta. Daga nan ake ƙirga farkon hip hop. In na wuce ta ƙofar sai in daina raina matsatsin motata.

A sa ni a addu'a, dusar ƙanƙara ta kusa. Ku gaida kowa da kowa.