Kasuwar Shasha Da Masu Maganin Tari

Matafiyin da ya fito daga Arewa ta hanyar Ilori da Oyo, kafin ya shiga tsakiyar Badun sai ya wuce ta kusa da Shasha, cikin ƙaramar hukumar Akinyele. Mutane da yawa kan haɗa ta da Sabo, amma akwai tazara. Sabo ita ce tsohuwar unguwar Hausawa kusa da Mokola, wadda aka kafa a 1916. Shasha kuwa masaukin kayan gwari ce, watau tumatir da albasa da attarugu. Nan ne aka yi rikicin Fabrairun 1921+100, watau 2021, inda rumfuna suka ƙone, 'yan kasuwa da dama suka watse.

Abin da baƙo zai fara ji a nan, bayan hayaniyar 'yan dako, shi ne tari. Ƙurar barkono da hayaƙin manyan motoci da kwanan rumfa cikin raɓa ba su barin maƙogwaro lafiya. Saboda haka mai shayi ya zama rabin likita. Yakan dafa citta da kanumfari da masoro, ya matsa lemon tsami, mai hali ya ƙara zuma. Bayarabe kuma ya miƙo namijin goro, wanda suke kira orogbo.

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji mutanen ƙasar Sin ma kusan haka suke yi. Shahararren maganin tarinsu, Pei Pa Koa, wanda kamfanin Nin Jiom ke yi a Hong Kong tun 1946, baƙi ne mai kauri, an haɗa shi da zuma da citta da ganyen wani itace da saiwoyi. Aikinsa sanyaya maƙogwaro ne, kamar dai haɗin mai shayi, sai dai shi yana cikin kwalba mai ado. A ganina cittar Kachiya ba ta da abin jin kunya a gabansa.

Amma fa duk cikinsu babu mai kashe ƙwayar tarin tibi. Ɗan dakon da ya wuce mako biyu yana tari, yana rama, yana gumin dare, tsoron rasa kuɗin yini kan hana shi barin kasuwa, alhali mutum nawa ne ke kwana daki ɗaya da shi. Gwajin majina da maganin wata 6 kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma daga Shasha zuwa babban asibitin koyarwa na jami'ar Badun, wanda aka buɗe a 1957, tafiya ce ta cikin gari.