Agadas: Tsohuwar Moto a Zauren Makaniki

Matafiyin da ya baro Tawa ya bi hanyar iraniyom ta Abalak, bayan tafiyar kilomita wajen 400, abin da ke fara tarbarsa a Agadas shi ne hasumiyar babban masallaci, ginin laka mai tsawon mita 27. A ƙarƙashinta tsohon gari ya shimfiɗu da lungunansa, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2013. Baƙi kan nemi fadar Sarkin Abzin da rumfunan maƙeran azurfa. Kaɗan ne ke leƙa zaurukan da ƙarar guduma da walƙiyar walda ke fitowa daga cikinsu, alhali nan ma akwai tarihi.

A irin wannan zaure, wanda rabinsa wurin aiki ne rabinsa mashigar gida, an kwance wata tsohuwar moto ƙirar Yamaha XT 500. Inji na gefe bisa tabarma, an rufe shi da tsumma saboda ƙura. Ƙafafu na jingine da bango, kusoshi na cikin gwangwanin madara. Abin da ya rage a tsakiya, an ɗora shi bisa turmi, shi ne ƙashin moton, wanda makanikai ke kira kadar.

Ma'aikatan gona da na kiwo da suka yi rangadi bisa ƴar DT 125 ta hukuma sun san dangin wannan moto, sai dai ita XT babbar yaya ce. Ta shiga kasuwa a 1976, da inji mai silinda guda, kuma da ƙafa ake tayar da ita. In ta ƙi, takan mayar wa mai ita da shuri har ya yi ɗingishi. A bisa irinta ne Bafaranshen nan Thierry Sabine ya ɓace cikin hamada a 1977, lokacin tseren Abijan zuwa Nis. Da aka ceto shi, sai ya shirya tseren Faris zuwa Dakar, wanda ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa Aljeriya, ya sauko Agadas da Yamai kafin ya nufi Mali. Motoci da motuna 182 suka tashi, 74 suka isa. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya bisa XT 500, ya kuma maimaita a 1980. Cikin shekarun da suka biyo baya, Turawa masu yawa sun riƙa tsallako Sahara ta Tamanrasat da Arlit, suna sayar da abin hawansu a nan su koma gida ta jirgi.

To amma masana'antar Japan ba don Tenere ta ƙera moton ba. Tankinta na asali bai kai lita 9 ba, alhali tsakanin Agadas da Bilma akwai fiye da kilomita 600 na rairayi. Don haka tun farko masu tsere, waɗanda da yawansu ba su da wani kamfani a bayansu, a garejin gidajensu can Faransa suka riƙa yanka suna ƙarawa. Aikin da ake yi a zauren Agadas ci gaban wancan ne, da kayan aiki mafi ƙaranci.

Babbar wahalar kadar ɗin XT ita ce, shi ne kuma tankin man inji. Mai fiye da lita 2 yana zaune cikin bututun ƙashin baya da wanda ya gangaro gaban inji, murfinsa na nan dab da wuyan kan moto. Ke nan duk wanda zai kai wuta jikin wannan ƙarfe, tilas ya tsiyaye man, ya wanke cikin bututun sau da dama, ya bar shi buɗe ya sha iska. Ragowar mai na iya kamawa da wuta, tana kuma ɓata waldar ta fito da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Bayan an gama, sai a toshe kafofin, a hura iska da famfon keke, a shafa ruwan sabulu bisa kowane ɗinki. Inda kumfa ta taso, aiki bai yi ba. Sannan a sake wankewa, a tsabtace ƴar rariyar da ke gindin bututun gaba, domin tsakuwar walda guda in ta kai ga famfon mai, ta isa ta kashe inji a inda babu rijiya babu inuwa.

Kafin a kai ga haka, sai an tabbatar kadar ɗin bai karkace ba. Makanikin ba shi da teburin awo na masana'anta. Zare yake ja daga gaba zuwa baya, ya rataya dalma kamar magini, ya duba ko ƙafar baya na bin sawun ta gaba. Moto mai shekara 40 ba ta rasa faɗuwa a tarihinta, kuma ƙarfe ba ya mantuwa.

Wuri na farko da ake ƙarfafawa shi ne wuya, inda nauyin babban tanki mai lita 25 ko 30 ke dukan ƙarfe a kowane gargada. Ana yanka ƙananan faranti masu kusurwa uku a liƙa su a gefe da gefen bututu. Gwani ba ya zagaye bututu da walda a gicciye, don nan ne tsaga ke farawa. Yakan ɗiga kaɗan a dama, ya koma hagu, ya dakata ƙarfe ya huce, saboda zafi na jan bututu zuwa ɓangaren da aka fi ƙonawa. Bututun kuwa siriri ne, sandar walda mai kauri za ta huda shi nan take. A nan ake rarrabe mai haɗa ƙofofi da tagogi da mai aikin moto, ko da yake su biyun sunan sana'arsu ɗaya, kuɗin aikinsu ne ya bambanta, kuma mai neman araha a wannan wuri da ransa yake ciniki.

Sai bayan moto, wanda aka yi don ɗaukar mutum biyu, ba jarkoki da salka da buhun gero ba. Ana ƙara masa tokara zuwa ƙasa. Wasu kan matsar da maƙalar amortisa gaba don ƙafar baya ta samu filin hawa da sauka, wasu su ƙara wa hannun ƙafar baya tsawon ƴan yatsu, su zura guntun bututu a ciki kafin su ɗinke. Moton takan fi natsuwa cikin rairayi, amma sai an ƙara sarƙa, kuma juyawa cikin lungunan tsohon gari ya zama aiki. A ƙarƙashin inji a ɗaura farantin da zai tare duwatsun Abzin. Masu sirdin raƙumi na wannan gari ma haka suke yi, sai sun dubi tozon dabba da tafiyar da za ta yi kafin su sassaƙa itace.

Akwai wuri guda da ba a kai masa wuta ko dutsen gurza: lambar kadar da aka buga a jikin wuya. Ita ce ke cikin takardar mallaka, ita jandarma da ma'aikacin duwan ke dubawa a shinge. Ɗan kasuwar da ya sayi tsohuwar moto da fenti ko walda ta binne lambarta, ya sayi rigima.

Masana'anta da kanta ta bi sawun masu gareji. A 1983 Yamaha ta fito da XT 600 mai katon tanki, ta raɗa mata suna Ténéré, sunan da har yanzu ake buga wa sababbin motunanta. Shi kuwa Sabine ya rasu cikin haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986. An soke tseren a 2008, ya ƙaura Amurka ta Kudu a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

A zauren, kadar ɗin da aka gama yakan kwana biyu rataye a rana fenti ya bushe. Daga nan a mayar da inji, a loda wa moton irin kayan da za ta riƙa ɗauka, a fita da ita hanyar Dabaga inda gargada ta fi yawa. In an dawo, makanikin ya durƙusa ya bi kowane ɗinki da farin tsumma, yana neman ɗigon mai.